Ranar da fili ya fara cin abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma gaida masu karatu na gida da na waje.

Ni direba ne a Jidda. Shekarata 23 a ƙasar nan, 17 daga ciki ina tuƙa wani dattijon Balarabe mai ofishin saye da sayar da filaye. Bokona bai yi nisa ba, amma wanda ya shekara 17 yana jin wayar mai filaye daga kujerar gaba, ko bai so ba sai ya san wani abu. Abin da ya sa na rubuto shi ne gardamar da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bayan isha, inda muke shan shayi mu 'yan Kano da Zazzau da mutanen Damagaram biyu. Wasu sun ji Saudiyya ta ɗora wa masu ajiye filaye haraji mai nauyi, suna cewa kuɗin haya ya kusa faɗowa ƙasa warwas, kuma gwamnoninmu na gida su kwaikwaya gobe da safe. Wasu na cewa duk tatsuniya ce, mai kuɗi ba ya biyan haraji, talaka ke biya masa. Ni na ga abin kusa da kusa, kuma abin da na gani bai yi daidai da na kowannensu ba.

Akwai wani fili da maigidana yake da shi a arewacin Jidda, can wajen Abhur. Ranar da na fara kai shi, a 2009, sai da muka bar kwalta muka bi ta cikin yashi. Ba komai a wurin sai shingen waya da iska ta kwantar da rabinsa, da wani allon ƙarfe da rana ta cinye rubutunsa, da ledoji maƙale a jikin ƙaya. Ya fito daga mota, ya gyara gutrarsa, ya tsaya yana kallon wurin kamar mai kallon jikansa. Na ce masa: Ammi (haka nake kiransa, wato baffa da Larabci), me za a gina a nan? Ya yi dariya ya ce ba abin da za a gina. Sannan ya faɗa mini maganar da na ji daga bakinsa ya fi sau ɗari bayan nan, wadda duk mai harkar ƙasa a nan ya haddace: ƙasa ba ta ci, ba ta sha. Suna da wata kuma, wai fili yana ciwo amma ba ya mutuwa.

Duk Bahaushe zai gane ta farkon, domin mu masu kiwo ne. In ka ɗaure rago kana jiran layya, kullum sai ka nemo masa dusa da harawa, in ya kwana biyu ba ya cin abinci ka shiga uku. Wannan ɗawainiyar ce ke sa dole ka fitar da shi kasuwa in lokaci ya yi. Fili kuwa ka ɗaure shi shekara ashirin, ba ya kuka, ba ya zawo, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa. Kana kwance gwamnati za ta kawo masa titi, ta ja masa ruwa da wuta, maƙwabta su gina masallaci da makaranta da kantuna, shi kuma yana ta ƙiba da gumin da ba naka ba. Sau biyu a shekara nake kai maigidana wurin. Kowane zuwa gari ya ƙara matsowa, har ya zo ya wuce filin, ya bar shi a tsakiya kamar wawulo a bakin yaro. A 2015 akwai gidaje masu hawa huɗu ta gabas da ta kudu, yaran unguwa sun mayar da tsakiyarsa filin ƙwallo, wasu na zubar da baraguzan gini da daddare. Mutanen da ba su samu wuri a nan ba sai suka ƙara gaba, inda ruwa sai da tanka.

Ba mugunta ce zalla ta sa suke haka ba, kuma ya kamata a faɗa. A watan Fabrairun 2006 kasuwar hannun jarin Saudiyya ta rufta, kafin shekarar ta ƙare ta yi asarar fiye da rabin darajarta. Mutane da yawa sun rasa abin da suka tara a rayuwa. Maigidana yana cikinsu, har yau ba ya son a ambaci shekarar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to su ƙasa suka gudu. Ga shi da yawa ba sa son ajiyar banki mai ruwa. Kuɗi ya taru a kan filaye, filaye suka fi ƙarfin wanda yake son ya gina ya zauna.

A watan Nuwamban 2015 Majalisar Ministoci ta amince da harajin abin da suke kira farar ƙasa, wato filin da ke cikin gari, an ware shi don gidaje, amma an bar shi ba a taɓa ba. Kashi 2.5 cikin ɗari na darajarsa duk shekara, a kan filin da ya kai murabba'in mita 10,000 zuwa sama, kuma kuɗin da aka tara a zuba su a harkar gidaje. Aka fara da manyan birane, Riyad da Jidda da Dammam. Na tuna makon da labarin ya fito, ofishinmu ya cika da 'yan uwansa dillalai, ana ta shan gahawa ana huci. Wani ya rantse farashi zai karye biyu kafin shekara. Mu ma a majalisa mun yi ta murna, kamar da mu za a raba.

Bai karye ba. Lissafin ba shi da wuya, ni da ba akawu ba na yi shi a bayan rasit ɗin mai. A ce fili mai mita 10,000, kowace mita riyal 2,000, ka ga miliyan 20 ke nan. Harajinsa riyal 500,000 a shekara. Kuɗi ne mai yawa a wurina da wurinka. Amma in filin yana ƙara kashi goma duk shekara, miliyan biyu ke nan ya samu yana barci. Ya ba da rabin miliyan, ya riƙe ɗaya da rabi. Wane ne zai sayar? Cizon sauro ne a jikin raƙumi.

Bayan haka ga ƙofofin baya. Dokar ta yi rangwame ga wanda wani cikas da ba laifinsa ba ya hana shi aiki, to sai kowa ya samo cikas. Wannan ya ce gado ne ba a gama rabo ba, wancan ya ce akwai shari'a a kan iyaka, wani ya shigar da takardun neman izini ya ce shi jira yake. Ni da kaina na yi jigilar irin waɗannan fayil-fayil har na san wace taga ake rufewa kafin azahar. Babbar ƙofar kuwa ita ce matakin farko ya tsaya ne a kan ɗanyen fili, wanda ba a yanka ba. Sai masu wayo suka yanka. Maigidana ya kawo 'yan kwangila, aka shimfiɗa kwalta, aka jera sandunan fitilu, aka sa wa kowane fuloti lamba da jan fenti. In ka je da daddare sai ka ga tituna tas, fitilu reras, babu gida ko ɗaya, sai karnuka. Yana sayar da fuloti biyu ko uku a shekara don kada kasuwa ta cika, sauran suna jira. A takarda an raya fili. A ƙasa ba a ƙara ɗaki ɗaya ba.

Yanzu bari in zo kan nawa ɓangaren, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyalina suna tare da ni a nan har 2018. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo, wato takardar izinin zamansa, shekara na zagayowa ya koma 200, aka kuma sanar zai kai 400 a 2020. Mata ɗaya da yara huɗu, ban tsaya jiran 400 ba, na mayar da su Kano. Na ci gaba da zama a tsohuwar unguwarmu ta Gulel a kudancin Jidda, ɗaki da ɗan tsakar gida a wani tsohon gini, haya mai sauƙi, mai gidan wata tsohuwa ce da in na makara wata biyu ba ta ko ɗaga murya. A lungunmu akwai mai waina, akwai tela ɗan Agadas, akwai makarantar allo. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka yi rusau a unguwanni da dama na Jidda, Gulel da Karantina da Sabil da Kandara da sauransu. (A nan sunan rusau izala, kada masu karatu na gida su ɗauka wata magana nake.) Wata safiya muka tashi muka ga an fesa kalma ɗaya da jan fenti a bangonmu: ikhla, ma'ana a fita. Hukuma ta ce unguwannin ba su da tsari, motar kashe gobara ba ta iya shiga, sun zama maɓoyar masu laifi, kuma wanda ya zauna a wurin ba zai ce duk ƙarya ba ne. Ni baƙo ne, ba ni da ta cewa a kan yadda masu ƙasa za su gyara garinsu. Abin da zan faɗa shi ne abin da ya biyo baya a kasuwar haya: dubban mutane suka fito neman ɗaki a lokaci guda. 'Yan ƙasa masu takardar mallaka an yi musu tsarin diyya, mu 'yan haya baƙi sai dai muka ɗaure katifa a kan mota.

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama shagga ɗaya, ɗaki biyu da falo, a riyal 18,000 a shekara. Da lokacin sabuntawa ya zo mai gidan ya ce 22,000, bara ya ce 26,000, in ba mu iya ba akwai masu jira. Ko famfon banɗaki bai canza ba. Daga tagar ɗakinmu kuwa, wallahi, abin da muke kallo wani ƙaton fili ne da aka kewaye da langa-langa, tun zuwanmu ba a ajiye bulo ɗaya a cikinsa ba. Da safe in fita in tuƙa mai irin wannan fili, da dare in dawo in kwanta ina kallon na wani.

A 2025 ne hukuma ta nuna da gaske take, kuma Riyad ce ta tayar da ita, domin can hayar ta fi ta ko'ina hauka, har ta zama ita ce kan gaba a tsadar rayuwa. A watan Maris Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, ya ba da umarnin a buɗe wasu manyan filaye a arewacin Riyad da aka daɗe da dakatar da cinikinsu, a kuma riƙa samar wa 'yan ƙasa fulotai 10,000 zuwa 40,000 duk shekara har shekara biyar, kowace mita kada ta wuce riyal 1,500, da sharaɗin wanda ya samu ba zai sayar ba sai bayan shekara goma. A ƙarshen Afrilu aka yi wa dokar farar ƙasa garambawul. Haraji ya tashi daga kashi 2.5 zuwa abin da zai iya kai kashi 10. Girman filin da ake kamawa ya sauko zuwa mita 5,000, kuma ana haɗa abin da mutum yake da shi ne, ba a duban kowane yanki shi kaɗai. Aka shigo da gine-ginen da aka rufe aka bari babu kowa. Daga baya aka kasa Riyad shiyya-shiyya: inda aka fi matsuwa kashi 10, sai 7.5, sai 5, sai 2.5. A ranar 25 ga Satumba kuma aka hana ƙarin kuɗin haya a Riyad har shekara biyar, gidan zama ne ko shago. Riyad kaɗai wannan ta shafa da aka sanar, mu na Jidda sai muka haɗiyi yawu.

Koma kan lissafin bayan rasit. Filin miliyan 20, kashi goma, miliyan biyu duk shekara, kuma kuɗi a hannu ake so, ba a karɓar yashi. Maigidana yana da kaso a wani fili a arewacin Riyad tare da 'yan uwansa. Ranar da aka fitar da taswirar shiyyoyin muna kan hanyar filin jirgi. Ya buɗe wayarsa, ya ƙara girman taswirar da yatsu biyu, ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya kira ƙanensa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Abin da na riƙe daga maganar shi ne: ko mu gina, ko mu nemi wanda zai gina mu raba, ko mu sayar, amma ba za mu kai baɗi a haka ba. Da ya ajiye wayar na kasa riƙe bakina, na ce: Ammi, ashe ta fara ci. Ya harare ni ta madubi, can kuma ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce in kula da hanya.

To me ya faru a kasuwa? Abin da idona ya gani a ofishinmu ke nan. Da farko cak ta tsaya. Masu sayarwa suka yawaita, masu saye suka noƙe, kowa yana jiran gobe ta fi yau araha. Dillalan da a da ba sa ɗaga waya sai sun ga dama, yanzu su ke kiran mutane. Kamfanonin gini da suke zuwa suna roƙon maigidana ya ba su fili a yi haɗin gwiwa yana ja musu aji, yanzu shi ke aika ni in kai musu takardu, har da kwalin dabino. Filin Abhur ma, wanda tun 2009 nake kai shi gaisuwa, an fara zancen ba da shi, domin ya ce abin da ya ci Riyad ba zai bar Jidda ba. Wannan canji ne na gaske, kuma masu cewa duk tatsuniya ce ba su gan shi ba.

Amma masu jiran haya ta faɗo su ma su sassauta murna. Fili ba ɗaki ba ne. Daga ranar da mai fili ya sallama zuwa ranar da ɗan haya zai karɓi makulli akwai zane, akwai izini, akwai bashin banki, akwai siminti da ƙarfe da leburori, shekara biyu ko uku in an yi sauri. Kuma wanda ya sayi mita da tsada ba zai gina wa direba ɗaki ba, gidan da zai mayar masa da kuɗinsa zai gina. Ina ganin shi ya sa hukuma ba ta tsaya a haraji kaɗai ba, ta haɗa da fulotai masu ƙayyadadden farashi da hana ƙarin haya, don ta san maganin yana da jinkiri, mara lafiya kuma ba zai iya jira ba. Burinsu a fili yake: kashi 70 cikin ɗari na iyalan Saudiyya su mallaki gidan kansu kafin 2030, daga kashi 47 a 2016. Mu baƙi ba mu cikin wannan lissafi. Abin da zai iso gare mu shi ne in ɗan ƙasa ya tashi daga haya ya koma gidansa, ɗakin da ya bari ya dawo kasuwa.

Akwai wani tela a majalisarmu da kullum yake cewa mai fili zai ɗora harajin ne a kan mai saye. Na ce masa ya danganta da wane haraji. Akwai wanda ake biya ranar ciniki, kashi 5 cikin ɗari, tun Oktoban 2020. Wannan kam na sha gani da idona, a takarda mai sayarwa ne zai biya, a zaune kuwa sai ya ce kuɗina kaza nake so a hannu, sauran ka ji da shi. In ba ka yarda ba ya fasa, ya koma ya kwanta, ba abin da ya rage shi. (Ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko gwamnati ce ke ɗauke masa, har zuwa riyal miliyan ɗaya na kuɗin gidan.) Harajin ajiya daban ne. Shi in ka fasa ciniki ne yake cinka. Mai saye ya sani, kai ma ka sani, kuma duk masu fili irinka agogo ɗaya ke bin ku. Ta ina za ka ɗora masa? Ragon da ke cin dusar dubu kullum, mai shi ba ya ja da mai saye da yammacin jajibere.

Wani malaminmu mutumin Zariya ya ce shi abin da ke damunsa halaccin abin, dukiyar Musulmi ce ake taɓawa. Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai. Na tuna masa kwarin Aƙiƙ da ke Madina, wanda duk mun sha wucewa ta wajensa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Bilal ɗan Haris Almuzani ƙasa a can, da Sayyidina Umar ya zama halifa ya ga ya kasa raya ta duka, sai ya bar masa abin da zai iya, ya karɓi sauran ya raba wa Musulmi. Malam ya ce wannan kyautar hukuma ce, ba abin da mutum ya saya da kuɗinsa ba. Na ce gaskiya ne, amma a tambayi manyan filayen da ke cikin biranen nan da namu na gida, nawa ne asalinsu ba rabon hukuma ba? Sai shi kuma ya kawo abin da ban sani ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya an raba ɗan kasuwa biyu: mai jujjuya kaya, wanda ke ƙiyasta hajarsa ya fitar da zakka duk shekara, da mai ajiye kaya yana jiran farashi, wanda ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar, kuma ta shekara ɗaya tak ko da ya shekara ashirin yana riƙe. Sauran mazhabobi kuwa duk shekara suke cewa a fitar. Muka yi shiru dukanmu, domin kowa ya gane a wane layi attajiranmu masu filaye suka fi son tsayawa.

Nan ne maganar ta zo inda ba na so, amma laifi tudu ne. Malam Edita, ni ma ina da fili a ajiye. Fuloti biyu na saya a Kano da kuɗin tuƙi. Na farko shekara tara na yi ina gina shi, bana bulo, baɗi rufi, shi ne iyalina ke ciki yanzu. Na biyun na saya a 2014 a bayan gari ta yamma, awon igiya, ban taɓa niyyar gina shi ba. Ajiya ce. Lokacin dala ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. Da a banki na bar kuɗin da yanzu ba su sayi babur ba. Duk wanda ke aiki a nan, daga mai shara a Harami zuwa mai shago a Shara Mansur da ke Makka, abin da yake yi ke nan in ya samu rara: a kira ƙane a ce a nemo fuloti. Mu ne muke tsadar da filayen gefen Kano da Katsina da Maraɗi, muna nan muna zagin Larabawa. Unguwar da nawa yake yanzu ta cika, an kawo wuta, hagu da dama gidaje, nawa ne kangon da ake zubar da shara, matan layin suna ƙorafin sauro da 'yan shaye-shaye. Malamin makarantar da ke haya ɗaki ɗaya a layin da 'ya'ya biyar, ina jin yadda nake kallon langa-langar nan ta taga haka yake kallon katangata.

Saboda haka masu cewa a kwaikwaya a gida, ban ƙi ba, amma ina da tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Abin da ya sa ta fara aiki a nan shi ne hukuma ta san na wane ne kowane fili. Takardun mallaka suna cikin kwamfuta, yarjejeniyar haya sai an shigar da ita a manhajar Ejar, lambar katin mutum ɗaya ce a ko'ina, in bai biya ba a san inda za a matsa masa. Mu kuwa yawancin fulotanmu takardar mai unguwa ce da sa hannun shaidu, fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta riga ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, yana da ikon da ko a nan sai a jinjina, kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara yana nan a rubuce tun tuni. A watan Maris na 2025 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda an shekara goma ko fiye ba a biya wannan kuɗi ba. Ka ga ba doka muka rasa ba. Abin tambaya shi ne a kan wa za ta sauka. In aka ce yau a fara karɓar harajin kango a Kano, na san ƙofar da za a fara bugawa: ta bazawarar da mijinta ya bar mata fuloti ɗaya, da ɗan fanshon da ya kai ginin linta kuɗi suka ƙare. Mai hekta hamsin a bakin sabon titi, wanda ya san da titin tun kafin a zana shi, shi za a kira a waya a ba shi haƙuri.

Abin da ya fi burge ni a dokar nan ta Saudiyya shi ne mita 5,000 ɗin nan. Fulotinmu na gida mai ƙafa 50 da 100 bai kai mita 500 ba, ka ga sai mutum ya tara fiye da goma kafin a waiwaye shi. Ba ruwansu da mai fuloti ɗaya da yake tara kuɗin bulo. In za a ɗauko wani abu, wannan za a fara ɗaukowa, tare da haɗa duk abin da mutum ya mallaka wuri guda, don kada ya rarraba da sunan 'ya'ya da direbobi. A kuma sa shi da nauyin da zai ji a jikinsa, domin shekarun da aka yi ana karɓar kashi 2.5 sun nuna ƙaramin haraji kuɗin shiga ne kawai ga hukuma, ba ya motsa kowa. A ƙasar da kuɗinta ke narkewa kamar tamu ma abin ya fi wuya, don mutum zai gwammace ya biya ya riƙe ƙasa da ya riƙe naira. Kuma kuɗin da aka karɓa a gan su a kwalbati da ruwan famfo na unguwar da aka karɓa.

Na san da wannan ma'auni nawa fulotin ya tsira, kuma na lura da yadda ra'ayina ya zo daidai da aljihuna. Shi ya sa makon jiya na kira ƙanena na ce ya nemo magini ya yi mana lissafin ɗaki biyu da banɗaki, ko ciki da falo ne a zuba 'yan haya, in ya so a riƙa yi a hankali kamar na farko. Ya ce: Yaya, ka bari tukuna, ai dillalai sun ce in aka ƙara shekara biyu kuɗinsa zai ninka, ga shi fili ba ya cin komai. Na ce masa na san wanda ya fi shi iya faɗar wannan magana, ya dai nemo maginin. Ya ce to, amma akwai maƙwabcin da ya shuka kuɓewa da yakuwa a ta bayan, sai dai a jira ya tsinke.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani direba mai karanta jaridarku,
Jidda, Saudiyya.